Uwata, Ki Ajiye Takunkumin Nan

Agege, Legas
Ranar Laraba, bayan azahar

Zuwa ga 'yata Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, tunda sunan mahaifiyata kika ci. Ina fatan kin sauka Ibadan lafiya, kin sami ɗakin yadda aka kwatanta mana, an kuma karɓe ki hannu biyu a makarantar. Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane. Mu nan kowa lafiya. Labarin gida mamanku za ta ba ki ta waya, ta fi ni iyawa kuma ba ta gajiya. Ni abin da ya sa na ɗauki biro ba zai faɗu a waya ba. Na san halina, da na ji muryarki zan ɓige da tambayar ko ana kawo wuta a unguwarku.

Shekaranjiya da muka dawo daga raka ki tashar Ojota, ni da mamanku muka hawo bas ɗin danfo. Sai da muka kusa gida ta ce min kin sayi takunkumin fuska kwali guda, irin wanda aka yi ta sawa lokacin annoba, wai da shi za ki riƙa shiga aji kina koyarwa. Ta ce kuma kin ƙudurta idan kin zo ƙarshen wata ganin likitan haƙori za ki ce ya cire miki wayar gyaran haƙoran nan gaba ɗaya, in ya ƙi, kin ji labarin wani a can da ke cirewa ba tambaya. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Alhaji, aikinka ne." Ban yi musu ba. Kin san ba kasafai nake barin ta da maganar ƙarshe ba, amma ranar na bar mata.

Ranar Litinin za ki fara tsayawa gaban yara. Shi ya sa nake sauri in ba mai motar goro da zai je unguwar Sabo ta Ibadan gobe wannan takarda, don ta riga Litinin isa hannunki.

Bari in fara da laifina na kusa. Tun kina sakandare kike son a gyara miki haƙoran nan na sama da suka turo gaba suka hau juna. Ina gani kina cizon leɓe in kina cin abinci, ina jin kina cewa muƙamuƙinki na ciwo da safe. Kika yi haƙuri shekara da shekaru har kika kai kanki asibiti da ƙafarki. Ranar da aka sa miki wayar, sati uku ke nan, kin shigo gida da la'asar ina zaune a tsakar gida da ƙannenki da gwaggonki Ladi. Kika durƙusa kika gaishe ni, kika yi ɗan murmushi kina jiran abin da zan ce. Na ga ƙarfen yana ƙyalli. Abin da ya kamata in ce shi ne sannu, ya ciwon. Maimakon haka sai na ce, "Uwata, wa ya yi miki bogilari irin na taga a baki? Ɓarayi kike tsoro?" Gidan ya kwashe da dariya, gwaggonki har da riƙe ciki. Ke ma kin yi kamar za ki dara, sai kika sa gefen mayafi kika rufe bakin. Tun daga ranar ban sake ganin haƙorinki ba, har kika shiga mota.

Na ji kunyar wannan magana, kuma ina neman afuwarki. Zolaya ce ta ɗa da uwa, mun saba yi, amma akwai ranar da mutum yake zuwa maka da sabon ciwo, ranar ba ta wasa ba ce. Ki riƙe wannan don gaba, tunda yara za a damƙa miki. Duk ranar da ɗalibi ya shigo da sabon tabarau ko aski marar kyau, kalmar farko da za ta fito daga bakinki ita zai tafi da ita gida.

Sai maganar goro. Kin san al'adata tun kina ƙarama. Duk abin farin cikin da ya shigo gidan nan, sai na zaɓi farin goro mai kyau na ɓara, na miƙa miki rabi, na tsaya har kin ciza, kamar yadda nake yi wa mahaifiyata tana raye ita kuma ta sa min albarka. Ranar da takardar ɗaukarki aiki ta zo na yi hakan. Kika karɓa da hannu biyu. Na ga kin ɗan tsaya kina juya shi, amma ban gane ba, na ce ciza mana, uwata. Kika ciza. Ashe likita ya ba ki jerin abubuwan da ba za ki taɓa ba, goro yana ciki. Ashe a take ɗaya daga cikin 'yan ƙarafan da aka manna a haƙorin ya ɓalle, bakin wayar ya fito yana sokar kuncinki. Kwana uku kina yawo da shi a haka, kina cewa ba kya jin yunwa, sai da mamanku ta ga jini a hankicinki. Da ta tambaye ki dalilin da ya sa kika ciza, kika ce ba a mayar da hannun Baba.

Na ji daɗin tarbiyyar, amma na tsorata da ita. Hajara, ladabin da zai sa ki zubar da jini ki yi shiru ya wuce inda aka ce a tsaya. Za ki iya karɓar abu da hannu biyu, ki yi godiya, ki ce likita ya hana ni ciza, zan ajiye. Babu dattijon kirki da zai ji haushi. A Ibadan za a miƙo miki gasasshiyar masara a ofishin malamai, za a kawo rake, matar mai gida za ta aiko da ganda a miya, 'yan uwanmu na Sabo za su cika ki da kilishi da aya. Ki faɗa tun farko. Magana ɗaya ce, kuma sau ɗaya ake faɗar ta.

To, na san abin da ke ranki yanzu. Kina cewa Baba mai sayar da goro me ya sani game da ƙarfe a baki. Gyara zama, uwata, zan gaya miki abin da har zuwa jiya mutum ɗaya kawai na taɓa gaya wa a duniyar nan, ita ce mamanku.

Haƙorana huɗu na gaba na sama ba nawa ba ne. Na roba ne. Shekara ashirin da biyu ina sa su da asuba, ina cire su in zan kwanta, suna kwana a wani kofi mai murfi a bayan akwatina. Shi ya sa aka hana ku shiga ɗakina kafin in fito. Shi ya sa nake cin abinci ni kaɗai, kuna cewa Baba ba ya son hayaniya. 'Yar wuƙar nan da nake yanka goro da ita siriri-siriri, wadda ƙannenki ke cewa gayu ne, ba gayu ba ne. Dariyar da nake yi baki rufe, hannun riga a kan gemu, har ana yabona da dattako, tsoro ne kawai kada su zamo su faɗo a gaban mutane. Ranar da na ga kin ja mayafi kin rufe bakinki, kaina na gani, kuma ban ji daɗin ganin ba.

Kina da shekara biyu abin ya faru. Muna sauke huhun goro daga babbar mota, ƙarfen ƙofar baya ya kuɓuce ya doke ni a baki. Haƙora biyu suka yi girgiɗi. Mamanku ta ce mu tafi asibiti a Idi-Araba, na ce wa zai bar kaya a ƙasa ya je ya wuni a layi. Wani ɗan dako ya ce ya san mai cire haƙori a bayan tasha, ba ya ɗaukar lokaci. Gaskiya ya faɗa, bai ɗau lokaci ba. Mutumin yana da benci da filaya da wani ruwa a kwalba, ya zare su ina zaune ina kallon motoci. Bayan kwana biyar fuskata ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Da aka kai ni asibitin da na ƙi zuwa, likitan ya ce da na zo tun farko da an ɗaure su sun zauna, yanzu kuwa dasashin ya ruɓe, sai an cire na gefensu ma. Na je a rage min biyu, na dawo babu huɗu.

Saboda haka maganar mai cirewa ba tambaya, ki binne ta. Ban hana ki gajiya ba, ban hana ki kuka ba. In ciwon ya ishe ki, ki kira likitanki ki gaya masa, in wayar ta soke ki ki manna kakin nan da ya ba ki har ki samu zuwa. Amma kada ki buɗe bakinki ga wanda ba shi ya san yadda aka ɗaura abin ba. Wanda ba ya tambaya, ba ya kuma amsawa idan ta ɓaci.

Da aka yi min na robar sai na shiga wauta ta biyu. Kin san yadda muke sayen goro. Ba a saye da ido kawai. Za a kwance huhu, a ɗaga ganye, ka zura hannu can tsakiya ka zaro ɗaya, ka ɓara, ka ciza da haƙoran gaba. Ƙarar da zai yi da yadda zai tsage su ke gaya maka ko sabo ne, ko daushe ne, ko ruwa ya shige shi, ko ya fara lalacewa ta ciki. Ni kuma an san ni da wannan a kasuwa, har manya kan kira ni in ɗanɗana musu. To haƙorin roba ba ya jin komai, kuma in ka matsa masa sai ya tashi. Abin da ya dace in ce, jama'a, na sami matsala a baki, wane zo ka ciza min. Girman kai ya hana. Sai in kai goron baki, in rufe da tafin hannu kamar ina ciza, in gyaɗa kai in ce ya yi. Na yi haka wata da watanni Allah Yana rufa min asiri, har ranar da na gyaɗa wa wani kaya kai, aka loda shi zuwa Arewa da sunana. Kafin ya isa rabinsa ya lalace. Mutumin da na aika wa, wanda ya yarda da bakina shekara goma, bai zage ni ba. Ya dai daina kirana.

Ke ma aikinki da baki ne. Na ji ki kina karatu a ɗaki kafin ki tafi, na ji yadda wasu haruffan ke fita da iska, na ji kin tsaya kin yi tsaki. Wannan zai wuce, harshe yana koyon sabon wuri. Ni sai da na yi sati shida kafin in iya karanta Fatiha ban ji robar na motsi ba. Ki riƙa karatu da ƙarfi ke kaɗai kowace safiya, ki riƙa magana a hankali, ki ajiye ruwa a kan teburinki. Amma in kika sa takunkumi, yaran da ke bayan aji ba za su ji ki ba, kuma ba za su ce ba su ji ba, za su gyaɗa kai ne irin gyaɗawar da na yi wa goro. Ƙarshen zango a ce sabuwar malama ba ta iya koyarwa ba, alhali kin iya.

Ga abin da zan yi da ni ne ke. Ranar Litinin ki shiga, ki rubuta sunanki a allo, ki juyo ki buɗe musu haƙoran gaba ɗaya. Ki ce ga shi, waya ce, likita ya sa don gyara, wanda zai yi dariya ya yi yanzu. Za su yi, yara ne. Wani ma zai laƙa miki suna. Kafin Juma'a sun gaji sun koma kan takalmin malamin lissafi. A kasuwa na lura, in ka nuna wa mai saye inda kayanka ya sami tabo da hannunka, ya kan saya kuma ya dawo. Wanda ya gano da kansa a gida shi ne ba ya dawowa.

Saura wadda ta fi ci min rai, wadda ban taɓa gaya wa ko mamanku dalla-dalla ba. Kina iya tuna Baba Rasaki, Bayaraben nan mai gonar goro da ke kawo mana lemo da ayaba in ya shigo Agege? Shi ya fara ba ni kaya lokacin da ba wanda ya san ni a garin nan. Kafin haɗarin, duk zuwan da zan yi ƙauyensu sai mun zauna a kwano ɗaya, matarsa ta tuƙa amala ta zuba nama, mu ci mu yi ta hira da Yarabancina mai karyayyen ƙafa. Bayan an sa min roba na je sau ɗaya, na ciji nama, sai na ji haƙoran sun biyo shi. Na yi maza na rufe baki na tashi na zaga bayan ɗaki. Daga ranar, duk zuwan da zan yi sai in ce na ƙoshi, ko ina azumi, ko mota na jira. Shekara uku ina haka. Wata rana ya raka ni bakin hanya, ya riƙe hannuna ya ce da Hausarsa, "Malam Sani, tunda ka je Makka abincin gidana ya zama datti, ko?" Na ce haba Baba, ba haka ba ne. Ya ce to mene ne. Uwata, kalma biyar ce za ta raba wannan magana. Na tsaya ina kallon ƙasa, na ce ba komai. Ya saki hannuna ya ce Allah Ya kiyaye hanya.

Bai sake tayi na ba. Muna ciniki, muna gaisawa, amma abin nan ya tafi. Da ya rasu na je jana'iza, matarsa ta sa aka kawo wa baƙi abinci, da aka zo kaina ta ce a wuce Alhaji, ba ya cin namu. Ba da faɗa ta faɗa ba, ta faɗa ne kamar abin da kowa ya sani. Mutumin nan ya tafi kabari yana zaton ina ƙyamarsa, saboda roba guda huɗu. Har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Wannan ce ta sa ban iya yin shiru da na ji labarin takunkumin ba. Ke baƙuwa ce a inda kika je, Bahaushiya a cikin Yarabawa, ga hijabi. In kika ƙara da rufe baki, kina ƙin cin abin kowa ba bayani, kina amsa gaisuwa da kai, ba wanda zai ce ciwon haƙori ne. Za su ce girman kai ne, ko ƙyama, kuma ba za su tambaye ki ba. Baba Rasaki ma sai da ya shekara uku kafin ya tambaya. Ki zauna da su lokacin cin abinci ko da alale da koko ne a gabanki. Ki ce musu da Yarabanci e jo, wato don Allah, ku ci naman, ni da saura shekara biyu. In kin gama ki tashi ki je ki goge bakin da ɗan buroshinki ba ɓoye-ɓoye, don ganye yana maƙalewa a wayar, gara ki gani da kanki a madubi. Alwala ma za ta taimake ki, ki riƙa kurkurewa da kyau. Maganar da gwaggonki Ladi ta yi kuwa, wai canza halitta ne, na tambayi liman bayan sallar asuba. Ya ce neman magani ne, ba laifi. Na isar mata, ta ce ita dama ba ta ce komai ba.

A cikin kwalin da mai mota zai kawo akwai burodin Agege guda uku, ki riƙa tsomawa a shayi ranakun da aka ƙara ɗaure wayar, da garin kunu, da zuma. Goro babu. Na ajiye miki alkawarin farin marsa, babba, ranar da aka cire.

Yanzu ki duba cikin ambulan ɗin da kyau, akwai hoto. Kada ki buɗe shi a gaban mutane karo na farko.

Jiya da hantsi na je rumfa, aka kwance sabon huhu, abokan zama suka ce Alhaji ɗanɗana. Na zaro goro na riƙe, na ce ku dakata. Na sa yatsa na ciro haƙoran na ɗora a kan hankici a gabansu. Na ce shekara ashirin da biyu ban ciji goro ba, duk gyaɗa kan da kuka gani ƙarya ce. Kowa ya zuba wa hankicin ido. Can sai Alhaji Garba, maƙwabcin rumfata, ya ce, "Oga, ai mun daɗe da sani. Tun ranar da suka faɗo maka a sujada muka yi kamar ba mu gani ba." Aka fashe da dariya, ni ma na yi, baki buɗe, iska na shiga ta giɓin. Rabona da irin wannan dariya tun kina goye. Na yi ta yi har hawaye suka zo, kuma ba duka na dariya ba ne, don na tuna wanda ya kamata in yi wa wannan bayani ba ya nan.

Da na dawo gida na sa mamanku ta ɗauke ni a waya a haka, sai da ta ɗauka sau huɗu don dariya ta hana ta saita wayar, na kai aka wanke. Shi ne a hannunki. Ki kalle shi son ranki, ki nuna wa wanda kika ga dama. Na yi miki dariya a gaban 'yan uwanki, ga dama ki rama. Ƙannenki sun riga sun gani, ƙaramar ta ce na yi kama da jariri.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. Ranar Litinin in kin fito daga aji, ki tsaya a bakin ƙofa ki sa wata malama ta ɗauke ki, ba takunkumi, ba mayafi a baki, ki turo wa mamanku. Sau ɗaya na ga murmushin nan da wayar, kuma na ɓata shi da bakina. Ina so in sake gani, wannan karon in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranar.

Allah Ya sauƙaƙa miki ciwon, Ya daidaita haƙoran, Ya buɗe bakinki a kan alheri. Allah Ya sa yaran su amfana da ke, Ya haɗa ki da abokan zama nagari, Ya kai ki lafiya Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya jiƙan mai sunanki, Ya jiƙan Baba Rasaki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min.

Ƙarshen wata ni zan raka ki wurin likita. Nawa ma sun yi sako-sako, sun daɗe suna neman gyara.

Naki,
Babanki mai giɓi, Sani.